Inda Ake Zuba Ruwan Farko

Katikis, mai koya wa yaran cocinmu addini, bai iya faɗin magana mai ɗaci kai tsaye ba. Sai da ya tambayi lafiyar gida, da ta aiki, da ta ƙafar surukata, sannan ya gyara tabarau ya ce, "Maman Auta, kin san dai bana ma ba za a sa ta cikin masu karɓar Jibin Ubangiji ba."

A bakin ƙofar coci muke, an tashi daga sujadar Mas, mutane suna wucewa suna gaishe mu. Auta tana riƙe da gefen rigata, tana kaɗa yatsunta a gaban idonta kamar yadda ta saba. Ta haura shekara goma, kuma tun da na haife ta ba ta taɓa furta kalma ba. Tana ji sarai. Likitoci sun ba abin wani dogon suna, ni dai abin da na sani shi ne 'yata ce.

Wannan "bana ma" ita ta fi ƙona mini rai. Sa'o'inta sun karɓa, ƙannen sa'o'inta ma sun karɓa.

Na ce, "Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Tambayoyin katikisim ne, ko ɗaya ba ta amsawa. Ko Amin ba ta iya cewa."

"Ɗan mai faci da ya amsa duka, ran nan da idona na gan shi yana taunar cingam a gaban bagade."

Ni mace ce mai baki, na sani, maigidana ma ya sani. Amma ba da Katikis nake da shari'a ba, shi abin da aka koya masa yake bi. Na ja hannun Auta muka zagaya bayan coci, muka nufi ofishin Fada, limamin cocinmu.

Fadanmu dattijo ne mai sanyin magana, irin wanda sai ka gama zubar da fushinka duka kafin ya buɗe baki. Ya bar ni na zuba har na gaji. Auta kuwa ta sami fankar teburinsa tana ta kallon yadda take juyawa.

Ya ce, "Maman Auta, Ikkilisiya ba ta ce sai mutum ya iya magana zai zo teburin Ubangiji ba. Abu biyu nake nema. Ta iya karɓa ta haɗiye cikin ladabi. Sannan in gani da idona cewa ta san wannan gurasar ba irin ta gida ba ce. Ko da hannu ta nuna, ko da ido, ya ishe ni. Amma sai na gani, don ni ma za a tambaye ni."

Ya buɗe kabad ya ɗebo mini ƙananan gurasar Mas, fararen nan masu faɗi kamar kwabo, waɗanda ba a riga an tsarkake ba. Ya ce in je mu gwada a gida.

Na zuba su a gwangwanin madara na ɗora a saman kabad ɗin kicin. Ranar farko na sa mata ɗaya a tafin hannu, ta shinshina, ta sa a baki, ta manne mata a ganɗa. Ta tofar a ƙasa, ta goge harshenta da hannun riga, ta dube ni kamar na ba ta guba. Duk wanda ya san Auta ya san abinci uku ko huɗu kawai take yarda da su a duniya, sauran kuwa ko za a kwana ana lallashi ba za su wuce leɓenta ba.

Aikina wanki da guga ne a wani otal. Wuni nake a tsaye cikin tururi, ina ninke zannuwan gadon mutanen da ban taɓa gani ba. In na dawo ƙafafuna sun kumbura. Duk da haka kullum da yamma sai na zaunar da ita a kan kujerar kicin, na tsaya a gabanta ina kwaikwayon Fada. Na fara da ɗan gutsure kamar ƙwayar shinkafa. Na koya mata ɗora hannun hagu a kan na dama. Ta tofar, na share, gobe mu sake. Maigidana yakan leƙo ya ce, "Fada, in an gama Mas a taimaka mana da abinci." Sai in jefe shi da tsumma.

Da kaɗan-kaɗan ta fara haɗiye gutsuren. Daga baya rabi. Ranar da ta cinye guda cikakkiya na rungume ta har ta ture ni, don ba ta son a matse ta.

Murnata ba ta yi tsawon rai ba. Wata Juma'a na dawo daga aiki na tarar da kujera a jingine da kabad, gwangwani a ƙasa babu komai ciki, Auta kuma tana zaune a tsakar ɗaki tana lasar yatsu tana dariya. Ta cinye su tas kamar biskit. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na yi ta fama don ta cika sharaɗi na farko, ashe da hannuna nake rushe na biyun. Na koya mata cewa abin nan kayan ƙwalama ne da ake ɓoyewa a kicin.

Maigidana ya zauna a bakin gado ya ce, "Ki bar yarinyar nan haka. An yi mata baftisma, Allah ya san da ita. Kina wahalar da kanki, kina wahalar da ita."

Na ce, "Allah ya san da ita, ni ma na sani. Amma duk Lahadi in na tashi zan je karɓa, sai ta biyo ni a layi ta miƙa hannu, a dafa mata kai a wuce. Kai ba ka kallon fuskarta in mun dawo wurin zama, ni ina kallo."

Maigidana mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta yi masa yawa.

Washegari Asabar, ranar wankin ƙyallayen bagade, teburin da Fada yake yin Mas a kai. Tun da wanki sana'ata ce, matan coci suka ɗora mini wannan aikin shekaru da yawa. Ƙananan fararen ƙyallaye ne masu ɗan jan gicciye a tsakiya, da su Fada yake goge ƙoƙon Mas. Suna da ƙa'idarsu. Sai an fara jiƙa su a ruwa zalla cikin wata farar roba da ba a yin komai da ita sai wannan. Ruwan farkon nan ba a zuba shi a kwata, domin ƙyallen ya taɓa Jinin Ubangiji. Ƙasa ake ba shi, inda ƙafa ba ta takawa. Ni a gindin bishiyar lemon da ke bayan gidanmu nake zubawa. Bayan nan sai a wanke da sabulu kamar kowane kaya.

Ranar kaina yana ciwo, na jiƙa su na zauna a kan benci. Maigidana ya ga halin da nake ciki ya ce bari ya kama mini. Ya matse ƙyallayen, ya ɗauki farar robar ya nufi kwata da ita.

Kafin in buɗe baki Auta ta riga ni. Ta saki ƙara, ta ruga ta riƙe wuyan hannunsa da hannu biyu. Ya ce, "Ke, ruwa ne fa." Ba ta sake shi ba sai da ya bar mata robar. Ta ɗauke ta a hankali, tana tafiya tana kallon ruwan kada ya zuba, har gindin lemo. Ta durƙusa ta tsiyaye shi a ƙasa, ta jira ya shige, sannan ta tashi.

Wannan fa yarinyar da babu abin da take so kamar watsa ruwan wanki a kwata tana tsalle. Ban taɓa koya mata ba. Kallona kawai take yi duk Asabar, ni kuma ina zaton yatsunta take kallo.

Da sassafe ranar Litinin ina ofishin Fada. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Abin ya taɓa ni. Amma zai iya zama sabo ne kawai. Ta san farar roba, ta san bishiya."

Na ce, "Fada, ka yi haƙuri, su sauran yaran me suke da shi in ba sabo ba? Nasu a baki yake, nata a hannu."

Ya yi murmushi. "A ina kuke zama in ana Mas?"

"Can baya, kusa da ƙofa. In ta fara surutunta sai mu fita."

"To daga can me take gani in ba ƙeyar mutane ba? Ki kawo ta gaba, ta ga daga inda ƙyallen yake fitowa. In ta saba, ni zan gwada ta da kaina."

Ba ƙaramin abu ya nema ba. Bencin gaba na masu manyan kaya ne, waɗanda ko tari ba sa so a yi kusa da su. Lahadin farko Auta ta yi ta gunjinta tana kaɗa jiki, wata mata ta juyo ta harare mu. Na harare ta ni ma, ba na jin Allah zai riƙe ni da wannan. Ƙafata tana so ta kai ni ƙofa, na hana ta. Har Mas ɗin safe na ranakun aiki muka riƙa zuwa kafin in wuce otal. A hankali na lura da wani abu. Duk surutunta, in Fada ya ɗaga gurasa aka kaɗa ƙararrawa, sai yatsunta su tsaya. Kuma in yana goge ƙoƙo a ƙarshe, idonta ba ya barin hannunsa.

Wata safiya bayan Mas ya kira mu ɗakin da yake sa kayan Mas, Katikis ma yana wurin. A kan tebur ya shimfiɗa ƙyallaye biyu iri ɗaya. Ɗaya shi ne wanda ya goge ƙoƙo da shi yanzun nan, ya shigo da shi a gaban idonta. Ɗayan daga aljihun tebur ya zaro shi, ya ɗora gurasa biyu marasa tsarkakewa a kai. Babu farar roba, babu bishiya. Ya ce mini kada in yi magana, kada in nuna. Na harɗe hannuwana a baya.

Auta ta matso. Ta kwashe gurasar nan biyu ta watsa a baki, ta goge bakinta da ƙyallen, ta yar da shi a kan kujera. Katikis ya dubi ƙasa. Na ji kamar in nutse.

Sai ta juya ga ɗayan. Ta tsaya. Ta goge tafukanta a jikin riga, ta zura su biyu a ƙarƙashinsa ta ɗago shi a hankali. Katikis ya miƙa hannu zai karɓa, ta juya masa baya. Ta zo gabana ta tsaya da shi, tana jira in kawo ruwa.

Fada ya ce, "Katikis, a sa ta cikin 'yan bana." Katikis ya cire tabarau yana gogewa, ya ce shi da kansa zai tsaya kusa da ita a layi.

Ranar karɓa na goge farar rigarta da hannuna, guga irin wanda ban taɓa yi wa wani baƙon otal ba. Da layi ya zo kanta Fada ya ce, "Jikin Kristi." Ba ta ce Amin ba. Ta ɗora hagu a kan dama, ta karɓa, ta sa a baki, ta haɗiye. Maigidana da ya ce in bar yarinya, shi ne ya fi kowa jan hanci a benci.

Da aka fito mutane suka taru suna mana barka. Surukata ta kama hannun Auta na hagu za ta sa mata alawa, ta fizge. Sai na ga tafin a buɗe yake, tana riƙe da shi a gaban ƙirjinta. Haka ta riƙe shi a cikin mota, ba ta dafa kujera ba, ba ta kama rigata ba. Na zaci ciwo ta ji, na nemi in duba, ta hana ni.

Muna shiga gida ta wuce bayan ƙofa inda nake rataye farar roba. Ta tsaya tana kallona. Na sauko da robar na zuba ruwa. Ta tsoma tafin hagun, inda Fada ya ɗora mata gurasar, ta wanke shi a hankali. Sannan ta ɗauki robar da hannu biyu, da farar rigarta da komai, ta nufi gindin lemo.

Na bi bayanta na durƙusa kusa da ita a cikin ƙasa, muka jira ruwan ya shige.