Da Sauƙi

Wata huɗu ke nan Malama ba ta ci abinci ta tashi lafiya ba. Loma uku, huɗu, sai cikin ya kumbura, daga nan murɗa ta biyo baya, can ƙasan cibiya ta hagu. A aji uku da take koyarwa ta saba dafa teburi tana murmushi har murɗar ta wuce, yara kuwa sun ɗauka lissafi take yi a zuci. Siket ɗinta na aiki sai da ta kama shi da fil.

Sau uku tana zuwa asibiti. Likitan ba mugu ba ne, ita ma ba ta taɓa cewa mugu ne ba. Matashi ne mai gilashi, idonsa a kan kwamfuta, a bayan ƙofarsa kuma mutum arba'in a kan benci. Zuwan farko ya ce ƙila gyambon ciki ne, ya rubuta mata wani farin magani na ruwa. Na biyu ya ce ta rage yaji. Na uku ya ce, "Malama, damuwa ce. Ki rage tunani." Ta fito ta tsaya a bakin famfo tana wanke hannun da ba shi da datti, don kada a ga idonta. Abin da ya fi ciwon tsorata ta shi ne ta fara zargin kanta. Ko dai da gaske babu komai, ita ce mai raki?

Ranar zuwa na huɗu yayarta ta ce ƙafarta ƙafarta. Yaya tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi.

"Wai damuwa," in ji Yaya a cikin mota. "Ni na ɗinka siket ɗin nan, na san awonki. In da damuwa na ramar da mutum, da tuni mijin nan nawa ya mai da ni tsinke."

"Don Allah, Yaya, kada ki je ki yi wa mutane faɗa."

"Ni? Gaisuwa kawai za ni."

Kafin a ga likita akwai ƙaramin ɗakin da ake awo. Ran nan wata tsohuwar nas ce a ciki, mai furfura har a gira, da agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Ta ɗaura wa Malama abin awon jini a damtse.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Malama.

Nas ta ɗora ta a sikeli. Ta dubi allurar, ta dubi fayil, ta sake duban allurar. Sai ta jawo kujera ta zauna har gwiwarsu na haɗuwa.

"'Yata, ɗazu gaishe ki na yi, kin amsa, mun gama da wannan. Yanzu tambayarki nake yi. Ya jikin?"

Malama ta buɗe baki, amsar ɗazu ta sake tahowa har leɓe. Ta haɗiye ta.

Nas ta juyo mata da fayil ɗin. "Ga rubutun likita. Sau biyu ya rubuta kin ce kin samu sauƙi. Sikeli kuma ya ce kilo bakwai sun tafi. Ɗayanku bai faɗi gaskiya ba, sikelin nan kuwa tare muka fara aiki."

Yaya ta riƙe haɓa. "Ashe abin da kike ce masa ke nan?"

"To me zan ce? Mutum ya ce miki ya jiki, ki ce masa babu sauƙi?"

Haka ta tashi ta ji ana amsawa. Babansu ma, a safiyar ranar da ya rasu, abin da ya ce wa masu dubiya ke nan.

"Likitan ma da laifinsa, ya kamata ya ƙara tambaya," in ji nas. "Wannan ni zan gaya masa da bakina." Ta yago takarda ta miƙo da biro. "Malamar makaranta ce ke, ko? Rubuta. Yaushe yake farawa, ina yake tsayawa, sau nawa kike zagayawa, me kike gani. Takarda ba surukarki ba ce, kada ki ji kunyarta."

Malama ta rubuta a kan cinyarta. Ta cika gaba ta juya baya. Har jinin da ta gani, wanda ko Yaya ba ta gaya wa ba, ta sa shi a layin ƙarshe da ƙananan baƙaƙe.

"Ya jikin?" in ji likita da suka shiga, bai ɗago ba.

Yaya ta taka mata ƙafa.

"Babu sauƙi, likita." Muryar ta fito 'yar ƙarama. Ta ajiye masa takardar.

Ya karanta, ya juya bayan, ya cire gilashinsa.

"Jinin nan tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Me ya sa ba ki..." Ya ajiye takardar. "A'a, ni ne ban tambaya ba. Hau gadon nan."

Ya danna cikin a hankali, wuri bayan wuri, yana kallon fuskarta. Da ya zo hagu ta runtse ido, bai jira ta ce komai ba. Ya rubuta gwajin jini, da na bayan gida, da hoto, da takardar ganin likitan hanji ranar Talata.

"Ban san ko mene ne ba tukuna," in ji shi. "Amma akwai abu, za mu neme shi."

Ta fito da takardu huɗu a hannu. Cikin na nan yana murɗawa, ciwon ko suna bai samu ba, amma ji take kamar an sauke mata tulu daga ka. Ta koma ɗakin awo. Nas na ɗaura wa wani dattijo abin awon jini. Malama ta tsaya a bakin ƙofa, duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu.

"Mama, na gode. Allah Ya saka da alheri."

"Amin. Kada ki ci komai gobe kafin a ɗebi jinin," in ji nas, ba ta juyo ba. "Ki yi sammako, layin yana tsawo."

Yaya ta ja hannunta. "Zo mu gano ɗakin gwajin tun yau. An ce a hawa na uku yake, ki riƙe ni, gwiwata ba ta shiri da bene."