Garson da Ya Daina Kawo Labari

Hamani ya daɗe bai ambaci daji ba. Tun shekarar da shanun danginsu suka ƙare a arewacin Tarka ya shigo Dakoro, ya kama ɗaki bayan kasuwar dabbobi shi da matarsa Kadija, ya zauna. Ba ciwo yake yi ba. In an ba shi abinci ya ci, in an kira salla ya tashi, in an gaishe shi ya amsa. Iyakarta ke nan.

A da shi ne garso. Kafin Fulanin daji su tada ruga su kora garke, garso ne ke hawa raƙumi ya yi gaba shi kaɗai, ya duba inda ciyawa take, ya ɗanɗana ruwan rijiya, ya dawo. Ba ya dawowa hannu wofi. Yakan tsinko ciyawar wurin ya ƙulle a bakin rawani, ya kwance gaban manya su gani da idonsu, sannan ya ce a tashi ko a zauna, kuma maganarsa ake bi. Shekarar farin nan ya kawo musu ciyawa mai kyau, ya ce a tashi. Aka tashi. Kafin shanu masu yunwa su ja ƙafa su isa, gobara ta riga su, rijiyar kuma ta rufta. Ƙarfin komawa babu. Kowace safiya sai an sa itace ƙarƙashin cikin saniya an ɗaga ta, har aka gaji da ɗagawa, mahauta suka zo da motoci suka kwashe abin da ya saura. Ba wanda ya zage shi. Kadija takan ce da an zage shi ma da ya fi samun sauƙi.

Ɗan ƙanwarsa, Zakariya, shi ne ya sake tara ƴan shanu a hankali wajen Rumbu. Magidanci ne mai iyali, amma bai san rijiyoyin arewa ba. Shi ya sayo wa kawunsa waya, don ya riƙa kira yana tambayar hanya. Ya kira ya kira, Hamani na amsa gaisuwa, da an zo kan batun daji sai ya yi shiru har layin ya yanke.

Wayar yakan kai caji rumfar Harisu, wani Bahaushe mai furfura a gemu da ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a bakin kasuwa. Su biyun sun saba tsokanar juna. Wata rana Harisu ya ce tunda Bafillace ya ƙi magana, bari ya ba shi aikin yi, ya tura masa wani wasa irin na da, wanda ya ce sun yi da ƙuruciya a Maradi lokacin da ake cusa kaset a inji a haɗa da tele, wato talabijin. Don dariya ya yi. Bai san abin da ya ɗaura ba.

Wasan ba shi da kyan gani. Hotonsa ƙwaya-ƙwaya ne kamar saƙar tabarma. Wani ɗan mutum ne ke fita daga ƙauye ya shiga kogo, yana tafiya yana tsalle daga dutse zuwa dutse. A gefe akwai taswira baƙa ƙirin, duk inda ya taka sai wurin ya yi haske. Yakan iske ƙofa a rufe ko tudun da ya fi ƙarfin tsallensa. Sai ya bar shi, ya bi wata hanya, can nesa ya tsinci igiya ko takalmin tsalle, sannan ya tuna da ƙofar nan ya komo. Ba mai gaya maka inda za ka. Kai ne za ka riƙe a ka.

Hamani ya riƙe. Daga hantsi zuwa la'asar yana ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gida, yatsunsa masu kaushi kan gilashi, fuskarsa ba murna ba fushi. Tsalle ya ba shi wuya da farko, amma bai taɓa ɓata hanya ba. Dattijon da ya kamata matasa su zauna gabansa su koyi daji, ga shi yana kiwon ɗan mutum cikin gilashi, mutanen unguwa na wucewa suna kauda kai.

Harisu ne ya lura da abin da yake yi. Duk lokacin da ɗan mutumin ya gano sabon wuri ko ya tsinci wani abu, sai Hamani ya juya shi, ya bi duk doguwar hanyar nan ya koma ƙauyen farko, ya tsaya gaban mutanen da ke tsaye ƙofar bukkokinsu. Su kuwa magana guda suke maimaitawa, da Faransancin da Hamani ba ya karantawa, ba sa motsi daga inda suke. Sai ya sake fita.

Harisu ya yi dariya har da tari. Ya ce ai ba haka ake yi ba, mutanen nan zane ne, ba abin da za su ba shi, yana ɓata batir a banza. Hamani ya ce wanda ya ga wuri ai sai ya koma ya faɗa. Harisu ya ce to sun bi ka? Ya ce a'a.

Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, aka fara ganin hadari. Zakariya ya zo da kansa. Ya tsuguna, ya gaishe da kawunsa gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ciyawa ta ƙare a Rumbu, manoma na jiran ruwan shuka, dole garke ya bar musu wuri. An ce ruwa ya sauka a arewa, amma kowa da inda yake nunawa. Shanun sun rame, ba za su iya tafiya biyu ba. In aka kuskure hanya, an gama.

"Kawu, ba mu da kowa sai kai. Ranar kasuwa mai zuwa zan zo da raƙumi."

Hamani ya ce zai duba. Kadija na jin su daga inda take shanya cukun nono. Da Zakariya ya tafi, ta shiga ɗaki ta fito da tsohon rawaninsa da salkar ruwa, ta rataye a bakin ƙofa inda ba zai fita bai gani ba.

A cikin kwanakin nan taswirar ta cika. Ba sauran baƙi ko kaɗan, sai wata babbar ƙofa guda a can ƙasan kogon, ga makullinta a hannun ɗan mutumin. Hamani ya tsaya gabanta, ya juya, ya koma ƙauye. Ya zaga wuraren da ya riga ya sani. Washegari ya nufi rumfar Harisu ya ce a samo masa wani irinsa.

Harisu ya ce ya shiga ƙofar mana tukun, can ne ƙarshe, za a yi masa kiɗa a nuna masa ya ci. Hamani ya ce garso ba ya shiga inda ba a dawowa. Harisu ya girgiza kai ya shiga tura masa wasanni. Ya sa na ƙwallo, Hamani bai ko duba ba. Ya sa na tseren mota da na harbe-harbe. Ya sa wani mai tsalle-tsalle da ake gudu gaba kawai ana tsintar ƴan kwabbai, Hamani ya taɓa kaɗan ya ce wannan hanya guda ce aka shimfiɗa, ko jaki ya bi ta.

"To mi kake so, Bafillace?"

"Wanda ban san wurin ba. Wanda ƙofa ke ƙi, daga baya ta buɗe."

Harisu yana cikin wani guruf a waya, zauren hira na masu son irin waɗannan tsofaffin wasanni, yawancinsu ƴan Maradi da Damagaram da Yamai, masu aikin biro, wato ofis, da direbobi. Ya yi musu magana ya ce ga wani dattijo nan ya cinye kogo yana neman ɗan'uwansa. Amsoshi suka yi ta shigowa, yana kunna wa Hamani. Kowa ya ambaci nasa wasan ya kuma ɗora da dalilinsa ba a tambaye shi ba. Wani ya ce shi kiɗan ne ke mai da shi gidan ubansa. Wani ya ce bangon da ake bugawa a iske ɗaki a ɓoye, shi ke hana shi ajiye waya. Wani direban babbar mota ya yi dogon bayani kan cewa duniya duk an riga an san ta, ko ina da kwalta da suna, a nan kaɗai ya rage mutum ya ɓata. Suka koma gardama tsakaninsu kan wane ya fi wane, suka manta da dattijon. Hamani na saurare kamar ana labarin farashin gishiri a wata ƙasa.

A ƙarshe suka haɗu a kan guda. Harisu ya sauke shi, ya miƙa masa wayar a kan bencin rumfar.

Kamarsu ɗaya da na farko: kogo, taswira baƙa, ƙofofi a rufe. Hamani ya gyara zama. Ya yi tafiya kaɗan sai ya iske wasu ƴan dabbobi farare a rakuɓe cikin wani lungu. Da ya matsa kusa, suka miƙe suka bi shi. Ya tsaya, suka tsaya. Harisu ya ce ai daɗin wannan ke nan, kai za ka fid da su waje. Hamani ya yi gaba suna biye. Ya zo bakin wani rami, ya auna, ya yi tsalle ya haye. Su tsallensu bai kai nasa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zuba.

Ya kife wayar a cinyarsa. Harisu ya ce ba komai, ya danna nan. Ya danna. Ga su nan a lungunsu, farare, cikakku, suna jiransa.

Ya daɗe yana kallonsu.

"Nan suna tashi ba a ɗaga su ba," ya ce.

Harisu ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Hamani ya ce a cire masa wannan. Aka cire.

Ranar kasuwa Zakariya ya zo da raƙumin, ya durƙusar da shi gefen turken awaki. Hamani ya fito, ba rawanin, ba salkar. Ya zaga raƙumin, ya duba tafin ƙafarsa, ya ja igiyar sirdi ya ƙara ɗaure ta. Ya tambayi inda suke niyya, Zakariya ya faɗa. Sai ya tsuguna ya zana a ƙasa da yatsa: ga kwari, ga rijiyar da bangonta ke zubewa ta gabas, ga wadda ruwanta ke sa zawo, ga tudun da ake hango hayaƙi daga kansa. Ya ce in ya ga ciyawa kada ya yi murna, ya fara tuna ƙafar saniyar da ta fi rama. Tun shekarar farin bai yi magana mai tsawon wannan ba.

Zakariya ya miƙa masa akala.

"Kawu, ga shi duk yana kanka. Hau mana."

Hamani ya dubi igiyar. Hannunsa bai tashi ba.

"In na je, za ku bi ni," ya ce.

"To ai shi muke so."

"Na sani."

Zakariya ya tsaya da akalar a hannu har ya gaji. Ya sake duban zanen, yana motsa leɓe yana haddacewa, kafin wani mai jan tumaki ya bi ta kai ya tattake. Sannan ya hau raƙumin da kansa, hawan wanda bai saba ba, ya nufi arewa. Bai yi sallama da fushi ba. Ya ce a yi musu addu'a, Hamani ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga nan Hamani ya wuce rumfar Harisu. Ya ajiye wayar a tebur ya tambaya ko ana iya mai da taswirar wasan farko baƙa kamar da. Harisu ya ce ana iyawa, amma komai zai tafi, igiyar, takalmin, makullin, duk wahalar da ya sha. Kuma ai ya riga ya san hanyoyin, mi zai gano?

Hamani ya ce a goge.

Da ya dawo gida ya iske Kadija ta sauke rawanin da salkar ta mayar cikin ɗaki. Ta kawo masa fura ta ajiye gefen tabarma, ta koma kan cukunta. Ya zauna ƙarƙashin bedin. Can arewa hadari ya haɗu, ba a san inda zai zuba ba. A cikin wayar, ɗan mutumin ya fito daga ƙauye ya nufi bakin kogo, mutanen na tsaye ƙofar bukkokinsu, ba wanda ya motsa.