Numfashi a Cikin Akwatin Taba

Ihun da lasifikar ta saki sai da ya watsa kajin gidan Baba Ɗan'azumi. Ukasha ya yi wuf ya zare waya.

"Baba, na ce kada ku juyo wajen sifika. Makirufon nan mai kwandansa ne, komai ƙanƙantar sauti sai ya ɗauka. Da ya ji kansa, sai ihu."

Inno Batulu, matar Baba Ɗan'azumi, ta leƙo daga ɗaki da faifai a hannu. "Wa ya taka akuya?"

"Ka gani ko," in ji tsohon. "Ihun ta ji, kiɗan ne ba ta ji ba."

Ukasha mai gyaran rediyo ne, shagonsa na jikin zauren gidan, a nan Kazaure. Baba Ɗan'azumi kuwa kafinta ne da ido ya sa ya ajiye zarto. Wani direba mai bin hanyar Babura ya taɓa kawo masa ɗan akwatin katako, irin wanda ake jera manyan sigarin masu kuɗi a ciki, wai ya riƙa zuba ƙusa. Maimakon ƙusa sai ya kafa masa ƙota, ya ɗaura tsirkiya uku na wayar birkin keke, ya ce jita ce. Da samartakarsa a Roni gurmi yake kaɗawa, da shi ma ya shawo kan Batulu, amma iyayenta suka ce ba sa haɗa zuri'a da makaɗi, ya fasa ƙoƙon gurmin a gabansu, sannan suka ba shi ita. Shekara arba'in da shida ke nan. Yanzu da babu mai hana shi, kunnen Inno ya yi nauyi, ita kuma jitar muryarta ba ta fi ta sauro ba. Abu ɗaya yake so: matar nan ta sake jin taken da ya yi mata.

Makirufon da Ukasha ya ciro daga wata tsohuwar rikoda bai fi ƙwayar wake ba, kuma ba ya aiki sai da batir. Da farko a waje ya ɗaure shi, dab da tsirkiya. Sautin ya fito tas, ya ma ɗauka a wayarsa, sai dai da an ƙara murya sai ihun nan. Ranar Litinin da Inno ta tafi barka garin Gwiwa, ya huda akwatin ya liƙa makirufon a ciki.

Nan fa jita ta yi baki. Amma a ƙarƙashin kiɗan akwai wani shuu, kamar buta ta kusa tafasa. Ukasha ya sake dalma, ya canza batir, ya zagi wayar 'yan kasuwa. Sai da tsohon ya ɗauke yatsunsa, shuu ɗin bai tsaya ba, sannan ya lura akwatin a manne yake da ƙirjinsa.

"Baba, ba waya ba ce. Ƙirjinku ne."

"Waya aka kira ka gyara, ba ƙirji ba."

"Da dai kun je asibiti."

"Bayan girbi." Ya jingine jitar. "Ka ɗauki wannan ma a wayarka? Goge shi. Ba za ta ji ni ina huci kamar jakin kaya ba. Ba ta san komai ba, kuma ba daga bakinka za ta sani ba. Ka raba ni da hucin nan, Juma'a zan kaɗa mata."

Ukasha ya ce to. Ya kwana biyu yana cusa soson katifa a bayan makirufon. Gogewar kuwa ya ce sai ya gama gwaji, daga nan ya manta.

Ranar Laraba bayan azahar Baba Ɗan'azumi ya zauna a dakalin zaure, ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo kofin ya zame gefe. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Ukasha na cikin masu ɗaukar makara, abin da ke cin ransa kuwa soson katifar nan ne, wanda ya kusa yin daidai.

Sai bayan sadakar bakwai ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa. Inno na kan tabarma cikin takaba, jitar a jingine a bango. Ya miƙa wa 'yarta Bahijja wayar da babban abin saurare mai rufe kunnuwa biyu.

"Inno, saƙon Baba ne. Ya so ya kawo da kansa."

Bahijja ta ɗora mata, ta ƙure murya. Sautin da ya fara ɗauka ne, mai tsabta. Inno ta saurara har ya ƙare.

"Na gane taken," ta ce da ƙarfi, irin na masu nauyin kunne. "Allah ya jiƙan Malam. Amma kamar a rediyo."

Wayar ta wuce zuwa na gaba da kanta. Ko daga bakin ƙofa Ukasha ya jiyo shuu ɗin.

"Bahijja, kashe! Wannan ɓatacce ne, ya ce a goge."

Inno ta ɗaga hannu. "Kar ki taɓa."

Ta ƙara danne abin a kunnenta da tafi biyu.

"Shekara uku ina jin wannan da tafin hannuna, in na shafa masa man zafi a baya. Shi a ganinsa kurma ba ta san komai ba." Ta ɗan yi murmushi. "Ashe haka yake a kunne."

Ukasha ya sunkuyar da kai.

"Maido shi farko," ta ce wa 'yarta.

Ta jawo jitar ta rungume ta a ƙirji, ba ta taɓa tsirkiya ko ɗaya ba. Kajin sun dawo tsakar gida suna tsince tsabar da ta zube a gindin turmi.