Hoton Umma a Kan Fitila

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a gida ba a cika jin muryata ba, har Kawu yake kirana Shiru-shiru. Amma shi Kawun yana ta ba mutane labarin yadda ya ga dama. A nasa labarin shi ya sauko da mu daga kan dutse, shi da ko keke sai an riƙe masa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Baba saran itatuwa yake yi. Yana da tsohuwar akori-kura mai kujera gaba da baya, wadda take hawa dutse ta shiga laka. Tun rasuwar Umma nake bin sa aiki, in riƙe igiya, in zuba wa zarto mai. Kawu, ƙaninsa, shi ke tsinke rassa. Baba ya koya mini tuƙi a fili, amma ban taɓa sauko da motar daga dutsen ba.

Ranar an yi ruwa tun safe. Da tsakar rana wani reshe ya tsage ya faɗo wa Baba a cinya. Jini ya jiƙa wandonsa kafin in ajiye igiyar. Shi da kansa ya ce mu ɗaure sama da ciwon da bel ɗinsa. Waya ba ta kamawa a wurin. Muka kwantar da shi a kujerar baya, Kawu ya danne ciwon da rigarsa.

"Auta, ke za ki ja," in ji Baba. "Jinin nan ba zai jira ba."

"Wannan?" Kawu ya ce. "Yaya, wannan ko kaza ba ta iya kora."

"To zo ka ja."

Kawu ya mayar da ido kan ciwon. Na zauna a wurin Baba, na jawo kujera gaba. A gabana, kan allon da fitilun mota suke, akwai hoton Umma da Baba ya soke tun shekara huɗu. Ba mai taɓa shi.

Mun sauko lafiya har kwarin da rafi yake tsallaka hanya. Ruwan safe ya mayar da wurin taɓo. Muna tsakiya motar ta tsaya. Tayar baya ta hagu tana ta juyawa a banza tana watso laka, ta dama kuwa ko motsi.

"Taka mai! Taka, yarinya!"

Na taka. Tayar ta yi kuka, bayan motar ya ƙara nutsewa.

"Ga abin nan da ubanki yake dannawa!" Kawu ya miƙo hannu ta tsakanin kujeru.

Na buge hannun. Ni, da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba.

Maɓallin da ya nufa shi Baba yake kira makullin baya. Tayoyin baya kowace da gudunta take juyawa, don mota ta iya shan kwana. A laka kuwa, wadda ta rasa abin kamawa ita ke cinye ƙarfin, ɗayar ta zauna. Makullin yana haɗe su su juya tare. Amma Baba ya sha faɗa mini, in aka danna taya tana cikin juyawa, haƙoran ƙarfen da ke ciki karyewa suke yi. Da sun karye, a nan za mu zauna da Baba.

"Ni kika mara?"

"Ka danne ciwon, Kawu."

Na ɗage ƙafa. Na jira har tayar ta tsaya cik. Na miƙar da sitiyari, na sa ƙaramar giya, sannan na danna. Na taɓa totur kaɗan, kamar mai tsoron tashin jariri. Can ƙasa na ji ƙas. Motar ta girgiza, ta ja ciki, ta sake ja, sai ga mu a kan tsakuwa.

"Ai na faɗa miki ki danna," in ji Kawu.

Na ci gaba da tafiya. Da na tsaya a nan na kashe makullin, da shi ke nan. Doka ta biyu ke nan ta Baba, da an fita laka a kashe. Amma sai na ji muryar Kawu ta canza.

"Yaya? Yaya, buɗe ido. Kai, Yaya!"

Na duba madubi. Kan Baba ya langaɓe, leɓensa ya yi fari. Na manta da komai, na ƙara giya.

Daga nan hanyar ta zama shimfiɗaɗɗen dutse, a jiƙe, tana gangarawa zuwa wata kwana da ta lanƙwasa hagu. A bakin kwanar ba shinge, sai kwazazzabo. Na rage gudu na murza sitiyari. Motar ba ta bi ba. Na ƙara murzawa. Tayoyin baya suka riƙa ƙara suna tsalle, suna tura mu gaba a miƙe, gaban motar yana zamewa zuwa bakin ramin.

"Sitiyari ya tsinke! Innalillahi, ta kashe mu!"

Ƙafata tana son ta danne birki gaba ɗaya. Na hana ta. Na riƙa takawa kaɗan kaɗan, ina jin motar tana ja da ni. Ta tsaya. Ta gilas ban ga hanya ba, sai saman itatuwan da ke can ƙasa. Na ji duwatsu suna gangarawa, na daɗe ina jin su.

Na ja birkin hannu. Ban san me ya sami motar ba. Na sunkuyar da kai don kada in ga ramin, a nan na ga ɗan haske ruwan ɗorawa yana leƙowa ta gefen hoton Umma.

Na zare hoton. Fitilar makullin ce a ƙarƙashinsa, a kunne. Baba ba ya buƙatarta, yakan ce shi ta kujera yake jin motarsa, shi ya sa ya ga wurin ya dace da hoto. Ni ban taɓa sanin tana nan ba.

Na danna maɓallin. Fitilar ta fara ƙyaftawa, ta ƙi mutuwa.

"Ki fita mu ɗauke shi a ka," in ji Kawu.

"Ba za mu kai ba."

"To me kike jira?"

"Makullin ya saki."

Na tuna yadda Baba yake ɗan ja da baya duk lokacin da ya kashe makullin. Na miƙar da sitiyari. Na sa giyar baya, na duba ta sau biyu, don in na yi kuskure gaba za mu tafi. Na ba ta mai kafin in saki birkin hannu. Motar ta ɗan yi gaba, faɗin tafin hannu, Kawu ya kwarma ihu, sannan ta kama ta hau baya. Taku ɗaya, taku biyu. Ƙas. Fitilar ta mutu.

Da na murza sitiyari, motar ta sha kwanar kamar ba ita ba.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta yanke wandon da almakashi, suka shige da shi da gudu. Da la'asar likita ta fito ta ce an ƙara masa jini, ƙafar ma za ta tsira. Ta tambayi wanda ya kawo shi. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Mu ne."

Da Baba ya farfaɗo, ya ga gefen hoton yana leƙowa daga aljihun rigata.

"Auta, wa ya taɓa mini mata?"

Kawu ne ya amsa.

"Wadda ta mari ƙaninka."

Baba ya yi dariya har ɗinkin ya sa shi nishi.

Washegari da sassafe na kai wa Kawu shayi, na ce ya yi haƙuri da hannunsa. Ya ce hannun ya haƙura, shi ne bai gama ba. Na fita da bokiti na wanke kujerar baya. Na goge hoton Umma da gefen mayafina, na miƙar da inda ya lanƙwashe, na manna shi a marfin kare rana da ke saman gilas, inda Baba zai gan ta da ya ɗaga ido. Sannan na tayar da motar, na danna maɓallin, na ga fitilar ta kama, na kashe, na jira ta mutu. Na ɗauki kayan sawar Baba na nufi asibiti.