Wadda Ta Ruga Bayan Shago

Saura rabin awa a fara bikin raba lambobin yabo, sakataren ƙungiyar agajin gaggawa ya ja Kafinta zuwa ɗan ɗakin da ke bayan zauren taro, inda ake jibge karyayyun kujeru da mutum-mutumin robar da ake koyon danna ƙirji a kansa. Ya miƙa masa takarda.

"Layi huɗu ne. Ka gode wa Allah, ka gode wa Shugaba, ka sauko. Kar ka ƙara gishiri."

"Ba a sa sunan Yaya ba."

"Yau ranar farin ciki ce, jarumi. Gyara wuyan rigarka."

Da sakataren ya fita, Kafinta ya zauna kan wani benci yana kallon tabon ƙuna da ke tafin hannunsa na dama. Wata uku ke nan da abin. Ran nan shi da yayarsa suna dawowa daga aiki, jakar agaji a kafaɗa, suka ji ihu a shagon wanki da guga. Bututu ya fashe, ruwa ya malale ɗakin har idon sawu, mai guga na kwance a ciki ba ya motsi. Kafinta ya faɗa ciki da gudu. Yayar ta juya ta ruga bayan shago.

Abin da wayar wani ɗan kallo ta ɗauka ke nan, daƙiƙa arba'in: mace sanye da rigar agaji tana gudu, namiji ya shiga, ya ɗan tsaya dafe da teburin ƙarfe, sannan ya fito da mutum a kafaɗa. Wayar ba ta ɗauki abin da ya tsayar da shi ba. Wutar lantarki ce ta riƙe shi jikin teburin, haƙoransa a datse, ba shiga ba fita, har zuwa lokacin da Yaya ta kai ga akwatin mita ta sauke makunni. Wayar ba ta kuma jira ta ga wadda ta durƙusa tana danna ƙirjin mai guga har motar asibiti ta iso ba.

Bidiyon ya zaga gari kafin hannunsa ya daina ruwa. Yaya ta rubuta rahoto shafi biyu, kwamiti ya sa shi a fayil ya rufe, don bidiyon ya riga ya jawo wa ƙungiya suna, kuma babu mai son ɓata labari mai daɗi da bayanin makunni. Aka ce ta ɗan huta da koyar da sababbin shiga har ƙura ta lafa. Shekararta goma sha ɗaya tana wannan ajin na ranar Asabar. Yanzu in ta wuce, sai a bi ta da "Malama Tsere" ƙasa-ƙasa. Shi kuwa Kafinta bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Shiru kawai ya yi, kuma shirun ya yi masa daɗi.

Ƙofa ta buɗe, Yaya ta shigo cikin kayan gida, da baƙar leda a hannu. Ta ɗora ta kan mutum-mutumin.

"Auta, in an tashi ka ba sakatare wannan."

Ya leƙa. Rigar ƙungiya ce a goge a ninke, da katin shaidarta na koyarwa a sama.

"Yaya, mene ne haka?"

"Abin da ka gani. Don Inna na zo. Tun asuba take shiri, ta gayyato matan layi kamar ɗaurin aurenka."

"Ki bari a gama bikin, zan sami Shugaba mu yi magana."

"Wata uku kana samunsa." Ta kama hannunsa ta juya, ta danna gefen tabon da babban yatsa, kamar yadda take yi wa kowane majinyaci. "Ba ka shafa man. Ni ba lambar ce ta dame ni ba, ka rataya goma in kana so. Jiya na tsaya bakin taga ina jin ajin. Wanda aka ba wurina ya tambaye su, in kun iske mutum a kwance me za ku fara yi? Wata mai sayar da kayan miya ta ce, a faɗa kawai, kamar Kafinta. Aka tafa mata. Mutum arba'in, Auta. Wata rana ɗayansu zai faɗa, kuma babu wadda za ta ruga bayan shago."

Ta juya ta fita.

Zauren ya cika. Fanka biyu ne ke aiki cikin shida. Manyan baƙi na gaba kan kujeru masu laushi, sababbin shiga arba'in na tsaye jikin bango cikin riguna masu ƙamshin shago. Inna na layi na uku, tana ɗaga masa hannu duk sanda ya waiwaya. Yaya na can ƙarshe kusa da ƙofa. Ledar na ƙarƙashin kujerarsa, yana jin ta a diddigensa.

Aka raba lambobin masu shekara biyar a ƙungiya, aka raba na masu shekara goma. Aka ba wani da bai taɓa ɗaure ko yatsa ba lambar halartar taro. Sannan aka kashe fitilu, aka haska bidiyon a bango. Da aka zo inda macen ke gudu, wani daga baya ya ce, "A sauka lafiya, Malama," dariya ta ɗan tashi ta mutu. Kafinta ya ga Inna ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da bai zame ba.

Shugaba ya karanta yabon da muryar da yake ajiye wa baƙi. "Bai tsaya ba, bai yi shawara ba, bai duba hagu ko dama ba." Ya maƙala masa lambar, allurar ta ƙi shiga sai a karo na uku. Kafinta ya karɓi makirufo. Takardar ta jiƙe a hannunsa.

"Na gode wa Allah," ya ce. Ya tsaya. Sakatare na yi masa alama da yatsa ya ci gaba. Kafinta ya juya wajen masu tsayuwa jikin bango. "Ku sababbi. Mene ne abu na farko in kun iske mutum a kwance?"

Mai kayan miya ta ce, "A faɗa a ɗauko shi."

Ya ɗaga tafin hannunsa. "Ga abin da faɗawa ta ba ni. Inda kuka ga na tsaya, ba dabara nake ba. Wuta ce ta kama ni. Da an ƙara ɗan lokaci, gawa biyu za a fitar."

"Jaruminmu akwai tawali'u," in ji Shugaba yana murmushi, ya miƙo hannu zai karɓi makirufon. Kafinta ya ja baya taku ɗaya. Lasifikar ta yi ƙara ta ɗauke. Sakatare ne tsaye kusa da soket, wayar lasifikar a hannunsa.

Mutumin da ya saba magana cikin ƙarar zarto ba ya buƙatar lasifika. "Gudun da kuka yi wa dariya, makunni ta je saukewa. Ita ta danna ƙirjin mai guga har numfashinsa ya dawo. Yana cikin rahoto, Ranka ya daɗe, shafi biyu, ka sa hannu a kai. Ni ma na sani, na yi shiru."

Babu wanda ya tafa. Wani babban baƙo ya duba agogo. Kafinta ya cire lambar, ta fito da zaren riga, ya ajiye ta kan tebur kusa da gorar ruwan Shugaba, ya sauko.

"Kwamiti zai zauna a kan wannan rashin ɗa'a," in ji Shugaba.

"Ya zauna," in ji Inna daga layi na uku, ba ta ko ɗaga murya ba. "Kujeru dai ba su ƙare ba."

Kafinta ya ɗauko ledar ya bi ta tsakiyar zaure har ƙofa. Yaya ba ta miƙa hannu ba.

"Za su kore ka, ka sani."

"Na sani."

"Ni ma ba lallai su mayar da ni ba."

Mai kayan miya ta ɓallo daga layi ta zo, wasu biyar na biye da ita. Ta kasa haɗa ido da Yaya.

"Malama, ki yi haƙuri. To mene ne na farkon?"

Yaya ta dube ta, ta dubi ledar. Sannan ta karɓa ta saƙala a hammata.

"A duba abin da ya kayar da shi, kafin ya kayar da ke. Sauran sai Asabar, ƙarfe takwas. In sun kulle ajin, ku same ni a shagon ƙanen nan nawa, akwai benci." Ta juya ga ƙanenta. "Kai ma ka zo. Layin gaba."