Maƙwabciyar Gwaggo Baraka

"Ki leƙa Gwaggo Baraka mana," in ji Muttaka, yana tura babur ɗinsa zuwa zaure. "Tun shekaranjiya ban ga hayaƙi ya tashi a gidanta ba."

"Murhunta ne ya mutu, bakinta kam lafiya lau," Khairiyya ta amsa wa mijin nata, ko ɗagowa ba ta yi daga wankin da take yi ba. "Saurara ka ji."

Daga bayan katanga muryar tsohuwar na tasowa, siririya, tana yi tana yankewa:

"Maƙwabciya ba ki da kunya,
kin shigo ba ki yi sallama ba,
kin ɗauki nawa kin fita."

Muttaka ya girgiza kai ya fice.

Gwaggo Baraka mutuniyar wani ƙauye ce ta wajen Sabuwa. 'Yan bindiga ne suka tashe su, ta zo Ƙanƙara ta kama ɗaki a jikin gidan su Khairiyya, ita kaɗai. An ce a can zabiya ce, ba a biki sai da ita. Da farko sun shaƙu ƙwarai. Khairiyya ta miƙa tuwo ta kan katanga, kwanon ya dawo da daddawa a ciki.

Sai wata ranar kasuwa Khairiyya ta shiga wajen Gwaggo aron rariya, ba ta iske kowa ba, ta ɗauka, ta mayar kafin la'asar. Washegari ta fara jin waƙar. Ta ɗauka da ita ake, haushi ya kama ta. Ta kai maganar gidan suna, mata suka zauna suna warware waƙar baiti-baiti.

"Yo ai zabiya ba ta zagi kai tsaye," in ji Mansura mai ƙosai. "Ɓarauniya ta ce maki, wallahi."

Tun daga nan kwano ya daina haye katanga. Sauran matan layin ma suka ja baya, kowa na tsoron a saka ta a waƙa.

Ranar da Muttaka ya yi maganar, Khairiyya ba ta leƙa ba. Washegari da hantsi ta ji salati ya tashi. Matar mai gidan hayar ce ta tura ƙofa, ta iske tsohuwar kwance kan tabarma, rai ya yi halinsa.

Kafin azahar ɗiyar Gwaggo, Zulaihatu, ta iso daga Mairuwa, inda take aure. Ta gaisa da matan da suka cika tsakar gida, sannan ta ce, "Wace ce Khairiyya a cikinku?"

Khairiyya ta ɗaga hannu da ƙyar.

Zulaihatu ta kama hannun ta riƙe. "Inna ta bar wasiyya, in ta cika ke za ki zuba mata ruwa. Duk wayar da muka yi sai ta ce Allah ya ba ta ɗiya a Ƙanƙara."

"Amma waƙar nan tata," Khairiyya ta ce, "ta maƙwabciya..."

"Wayyo, har nan ma tana yin ta?" Zulaihatu ta share ido da bakin mayafi. "Ran da aka harbe yayana Yahuza a gona ta fara ta. Baba bai jima ba ya bi shi, sai kuma jikanta. Da mutuwa take. Cewa take mutuwa ta tare kusa da ita, ko ina ta koma tana jin motsinta."

Mansura ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta.

"Ta ce mani kwanan nan kin yi shiru," Zulaihatu ta ƙara, "halan ciki ne ke wahalshe ki. Na ce zan nemi lambarki in roƙe ki ki riƙa duba ta, ta hana. Wai kada a ɗora maki nauyi."

Khairiyya ta tashi ta ɗauko buta.

Aka shiga ɗaki, aka saki labule. Da suka ɗaga hannun tsohuwar, ba nauyi ko kaɗan, fata ce kawai bisa ƙashi. Khairiyya ta durƙusa da buta, ta karkata ta, ruwan ya kwararo da yawa ya jiƙa mata zane.

"A hankali, 'yar'uwa," in ji Zulaihatu. "Kaɗan-kaɗan."

Khairiyya ta sa hannu biyu ta tallabe butar. Ruwan ya riƙa sauka siriri, yana bin tsakanin yatsun Gwaggo.