Motar Albasa a Zangon Yendi

A shekarar da damina ta ƙi, gobarar daji kuma ta cinye gonakin doya, Lariba tana zaune a zangon Yendi da 'ya'yanta. Mijinta Mikaila ya tafi Bawku neman gero, don an ce fatake suna shigo da shi ta kan iyaka. Tun da ya tafi ba labari.

Ana cikin haka sai ga ƙanwarta Shetu daga Salaga, da goyo a baya, tana riƙe da hannun tsohuwar surukarta. Lariba ta tarbe su da fara'a, ta tuƙa musu ɗan garin masarar da ya rage a gidan. Da gari ya waye ta ɗora tukunya a murhu, ta cika ta da ruwa.

"Yaya, me za ki dafa?" in ji Shetu. "Na ga buhun jiya, ko ƙura babu. Da na sani da ban kawo miki nauyi ba."

"Kul na sake jin wannan maganar," in ji Lariba. "Wanda ya tsaga baki bai manta da shi ba. Ke dai iza wuta, ina zuwa."

Ta ɗauki kwano ta nufi bayan gari, ko za ta samo ganyen miya. Tana tafe tana istigfari, zuciyarta a kwance. A bakin titi ta tarar da wata babbar mota maƙare da albasa, an tokare ta da duwatsu, maza sun yi jugum a inuwarta. Ta yi musu sallama, ta tambaye su daga ina suke. Suka ce Bawku, za su Salaga, ƙarfen ƙafar motar ne ya karye. Ta tambayi labarin Mikaila, babu wanda ya san shi.

Direban, wani dattijo mai suna Karimu, ya ce, "Mma, ko kin san inda ake sayar da tuwo? Mun zaga tasha, duk masu abinci sun kife tukwane. Ga masara muna da ita, amma ba mai sarrafa mana."

"Ruwana yana kan wuta yanzu haka," in ji Lariba.

Karimu ya tambayi ladanta. Ta ce kuɗi ba sa sayen komai a kasuwar bana, a dai auna mata yadda za ta tuƙa musu, gidanta ma ya ci. Ya amince nan take.

Haka aka yi ta yi har aka kawo ƙarfen daga Tamale. Kafin nan albasa ta fara laushi a rana, mai kayan ya riƙa ware wadda ta taɓu yana ba Lariba. Ita da Shetu suka yanyanka, suka shanya a kan rufin kwano, idanu na ta zubar hawaye, tsohuwa na yi musu tsiya wai sun fi masu takaba kuka. Da ta bushe, Shetu ta kai kasuwa ta musanyo wake da garin rogo.

Bayan motar ta tafi da 'yan kwanaki, Mikaila ya dawo a rame, da rabin buhun gero a kafaɗa. Ya tsaya a ƙofa ya kasa haɗa ido da matarsa.

"Buhu biyu na samo," ya ce. "A shingen hanya aka ƙwace sauran."

"Sannu da hanya, Maigida. Wanda aka ƙwace ba rabonmu ba ne. Shigo ka ci wake."

Ya zauna yana ci, yana mamakin inda aka samo. Lariba kuwa ta kwance bakin buhun, ta cika ƙwarya, ta miƙa wa Shetu ta ce ta kai wa maƙwabciyarsu Azara, don tun safe ba ta ga hayaƙi ya tashi a gidanta ba.